Amsa ga mai tambaya a kan fim ɗin ɓarayin keke: ina rikicin yake?

Wani ɗan'uwa ya turo min tambaya, ya ce an yi ta zuga masa wani tsohon fim na Italiya mai suna Ladri di biciclette, wai fim ne a kan rashin aikin yi da tashin hankalin jama'a, kuma wai yana cikin finafinan da suka fi kowanne a duniya, shi kuma ya ƙona datarsa ya sauke ya kalla, bai ga komai ba sai wani mutum da ɗansa suna gararamba a gari awa ɗaya da rabi suna neman keke. Ba zanga-zanga, ba harbi, ba ƙone-ƙone, kuma a ƙarshe ko keken ba a samu ba. Ya ce shin shi ne bai gane ba ko dai zuƙi ta malle ce irin ta masu sharhi.

To malam, ba kai kaɗai ba ne. Na sha nuna wa ɗalibai fim ɗin nan kuma kusan kullum sai an samu wanda zai tambaye ni haka bayan an kunna fitila. Amsata a taƙaice ita ce rikicin yana nan cikin fim ɗin tun daga sin na farko har na ƙarshe, kawai dai ba a tsakiyar allo aka ajiye shi ba, a gefe yake, kai kuma idonka na kan keke kamar yadda idon mai keken yake.

Bari in fara da lokacin da aka yi shi, don in ba ka san wannan ba rabin abin zai wuce ka. A 1948 Vittorio De Sica ya ɗauki fim ɗin a birnin Rum, shekara uku kacal da gama yaƙin duniya na biyu. Italiya ta sha kashi, bama-bamai sun rusa masana'antu da layin dogo, sojoji sun dawo gida ba abin yi, kuɗinsu lira ya zama takarda. A 1947 gwamnati ta matse bakin aljihu don ta tsayar da hauhawar farashi, farashin ya ɗan tsaya amma kamfanoni suka shiga sallamar ma'aikata, marasa aiki suka kai wajen mutum miliyan 2. Ranar 18 ga Afrilun 1948 aka yi zaɓe mai zafin gaske, jam'iyyar Kiristoci ta firaminista De Gasperi da Amurka da coci ke mara wa baya ta kada haɗakar 'yan gurguzu da 'yan jam'iyyar soshalis. Ba a yi wata uku ba, ranar 14 ga Yuli, wani ɗalibi ya bindige shugaban 'yan gurguzu Palmiro Togliatti a kusa da majalisa, bai mutu ba amma ƙasar ta ɗauki wuta, aka shiga yajin aikin gama-gari, ma'aikata suka mamaye masana'antu, aka rasa rayuka. A wannan shekarar ake yawo da kyamara a titunan Rum ana ɗaukar labarin keke. Kuma abin bai tsaya nan ba, a watan Janairun 1950 'yan sanda suka harbe ma'aikata 6 a garin Modena a ƙofar wata masana'anta. Ka ga kenan wanda ya shiga sinima a Italiya a ƙarshen 1948 ba ya buƙatar a nuna masa zanga-zanga, daga cikinta ya fito ya sayi tikiti.

Yanzu koma sin na farko. Taron maza ne cincirindo a gindin matakalar ofishin leba a unguwar Val Melaina, can bayan gari, ma'aikaci ya fito da 'yan takardu a hannu yana kiran suna. An kira Antonio Ricci, jarumin fim ɗin, ba ya nan, yana can gefe zaune a ƙasa, sai da wani ya ruga ya taso shi. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka mutumin ya gaji da sa rai. Aka ce ya samu aikin liƙa fosta a bango amma da sharaɗi, sai da keke, shi kuma kekensa na gidan jingina don sun ci kuɗin. Dubi abin da sauran suka yi da suka ji yana in-ina: nan take wasu suka fara ɗaga murya su suna da keke a ba su. Ba wanda ya ce bari mu taimaka masa. Ba mugaye ba ne, kowa na da bakin da yake ciyarwa a gida. Minti biyu da fara fim an riga an gaya maka abin da za a yi ta maimaitawa har ƙarshe, aiki ɗaya mutum ɗari, kuma abokin hamayyar talaka a wannan layin talaka ne ɗan'uwansa.

Sin ɗin da ni ya fi tsaya min a rai shi ne na gidan jingina. Matarsa Maria, wadda muka fara gani tana ɗauke da bokitin ruwa biyu don gidajen nasu ba famfo, ta shiga ɗaki ta yaye zannuwan gado, kayan aurenta ne fa, ta wanke ta naɗe suka kai aka ba su lira 7,500, da shi suka fanso keken. Yayin da Antonio ke jira a ɗaya tagar sai kyamara ta bi wani ma'aikaci da ya ɗauki ƙunshin nasu yana hawa kanta, yana hawa, yana hawa, kantoci ne har rufi maƙil da ƙunshin zannuwan gado irin nasu. Ba wanda ya ce uffan. Duk ƙunshi ɗaya a wurin gida guda ne da ya kwana kan katifa tsirara. Wallahi in ka ba ni zaɓi tsakanin wannan da sin ɗin mutum dubu suna jifan 'yan sanda, wannan zan ɗauka, don jifa kowane darakta zai iya ɗauka in yana da kuɗin tara jama'a.

Satar kanta ba wani abin azo-a-gani ba ne kuma da gangan ne. Ranar farko a bakin aiki, yana kan tsani yana fama da fostar Rita Hayworth, tauraruwar Amurka, wani saurayi ya zari keken ya bi cikin motoci, abokin satarsa ya nuna hanyar ƙarya, shi kenan. Daga nan ne fim ɗin ya koma zagaye, kuma in ka lura ba wai yawo kawai suke ba, ƙofofi ake ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya, duk inda al'umma ta ce talaka ya je in ya shiga uku. Ya je wajen 'yan sanda, aka rubuta lambar keke aka ce ya je ya nema da kansa in ya gani ya kira ɗan sanda, wani ɗan jarida ya leƙo yana tambaya ko akwai labari aka ce masa babu, keke ne kawai. Ya gangara wani ɗakin taro na ma'aikata a ƙarƙashin ƙasa, ya tarar wani na jawabi a kan rashin aikin yi da yadda ɗan tallafin da ake bayarwa ba ya maganin komai, ya buɗe baki zai yi magana aka ce ya yi shiru ana taro. Ka ji fa, ana lacca a kan matsalarsa amma shi mai matsalar ba a da lokacinsa. Ya je coci yana bin wani tsoho da ya ga yana magana da ɓarawon, ya tarar masu hali sun tara mabarata ana yi musu aski, an ce akwai miya amma sai an gama ibada, ga ƙofa an rufe. Daga ƙarshe har wajen wata mai duba ya je, matar da ya yi wa Maria dariya a kanta jiya-jiya, ita ma ta karɓi kuɗinsa ta gaya masa maganar da kowa zai iya faɗa, ko ya samu keken yanzu ko ba zai taɓa samu ba. Waɗanda suka taimaka masa tsakani da Allah su ne abokinsa Baiocco da 'yan uwansa masu kwashe shara, da suka bi shi kasuwar Piazza Vittorio da sassafe suna duba taya da ƙararrawa da firam, don sun san an riga an yi wa keken gunduwa-gunduwa. Neman allura ne cikin rairayi.

Sai kuma unguwar ɓarawon, wanda nan ne nake ganin tambayarka ta samu amsa sosai. Antonio ya ritsa yaron, ya bi shi har cikin gidan karuwai ya jawo shi waje, kafin ka ce kwabo unguwa ta fito kwansu da kwarkwata sun kewaye shi, yaron ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, kuma fim ɗin bai taɓa gaya maka ko da gaske ne ko wasa ba. Bruno, ɗan Antonio, shi ya yi wayo ya kira ɗan sanda. Aka shiga ɗakin su ɓarawon, ɗaki ɗaya ne tal, a nan ake girki a nan ake kwana, uwar na ta rantsuwa ɗanta ba ya sata, shi ma aiki yake nema bai samu ba. Wato gidan da aka yi wa sata da gidan da ya yi satar, da za a sauya musu ƙofa ba za ka bambance ba. Ɗan sandan ya gaya masa gaskiya, ba ka da shaida, duk mutanen nan kuma shaidar yaron za su bayar. Ga taron jama'a a fusace, ga ihu, ga barazana, duk abin da kake nema na tashin hankali yana wurin, sai dai fushin bai nufi gwamnati ko masu masana'anta ba, a kan wani fakirin ya sauka. Mai sharhin nan na Faransa André Bazin ya taɓa cewa abin da fim ɗin ke faɗi shi ne a duniyar da wannan ma'aikacin yake ciki dole talakawa su yi ta satar junansu kafin su rayu, kuma ƙarfinsa shi ne bai taɓa furta hakan da baki ba. Na yarda da shi a nan.

Shi ya sa sunan yake da muhimmanci. Ladri jam'i ne, ɓarayi, ba ɓarawo ba. Da aka kai fim ɗin Amurka sai aka mayar da sunan tilo, kuma wannan ƙaramin canjin ya ɓata abu babba, don ɓarawo na biyu shi ne jarumin da kake tausayi tun farko. A wajen filin ƙwallo, ana wasa a ciki, ga kekuna jibge kamar a bakin kasuwa, ga wani guda ɗaya an jingine a wani lungu ba kowa. Ka kalli yadda aka ja sin ɗin, ya zauna ya tashi, ya dafe kai, ya ba Bruno kuɗin mota ya ce ya tafi ya jira shi, yaron ya makara motar ta wuce, don haka da idonsa ya ga ubansa a kan keken mutane ana binsa ana ihun ɓarawo. Lokacin da aka sace nasa ba wanda ya kama masa, shi kuwa ko nisa bai yi ba aka cafke shi, aka kwaɗa masa mari, hularsa ta faɗi yaron ya tsince ta yana kuka yana kaɗe mata ƙura. Mai keken ya dubi yaron ya ce a ƙyale shi. Ba kotu ba kurkuku, amma ni a ganina da an kai shi kurkukun da ya fi masa sauƙi.

Kuma kar ka raina rawar yaron nan. Bruno yana aiki a gidan mai, wato kafin uban ya samu aikin fosta wannan ɗan tatsitsin shi ke kawo ɗan abin da ake ci. Shi ya lura an lotsa keken a gidan jingina, shi ya fi uban sanin lambarsa. Duk fim ɗin yana ɗaga kai yana kallon fuskar babansa, yana kwaikwayon tafiyarsa, kuma abin da ake sacewa a hankali a hankali cikin kwanakin nan shi ne wannan kallon. Da uban ya mare shi don takaici, sai ya ji ana ihu wani yaro ya faɗa kogi hankalinsa ya tashi, da ya ga ba shi ba ne ya kai shi gidan abinci don ya wanke laifinsa, da kuɗin da bai kamata a taɓa ba. A tebur na kusa wasu masu kuɗi na ta sauke faranti, ɗansu na kallon Bruno a wulaƙance. Antonio ya zaro fensir ya fara lissafin albashin da zai riƙa samu da keken na nan, da kuɗin obataim da alawus na iyali, sai abincin ya fita ran kowa. Duk magidancin da ya taɓa zama yana lissafin kuɗin da ya kuɓuce masa ya san wannan zaman. Kuma ba sai na yi maka dogon bayani a kan abin da keke yake nufi ba, tambayi duk ɗan acaɓan da aka taɓa raba shi da mashin ɗinsa.

Maganar cewa yana cikin mafiya kyau kuwa, ba wai daga baya aka ƙirƙiro ta ba. An ba shi lambar girmamawa ta Oscar a 1950, sannan da mujallar Sight and Sound ta Ingila ta fara tambayar masu sharhi a 1952 wane fim ne ya fi, shi ya zo na ɗaya, yana da shekara huɗu kacal. Dalilin har da yadda aka yi shi. A zamanin Mussolini finafinan Italiya yawanci na 'yan gayu ne a falo mai farar tarho, bayan yaƙi kuma katafaren sutudiyon Cinecittà ya zama sansanin 'yan gudun hijira, sai su Roberto Rossellini da De Sica da marubucinsa Cesare Zavattini suka fito titi da kyamara, salon da ake kira neyoriyalizim, wato sabon salon nuna rayuwa yadda take. Furodusan Amurka David O. Selznick ya so ya zuba kuɗi in za a sa tauraron Hollywood Cary Grant a matsayin Antonio, De Sica ya ƙi, ya ɗauko Lamberto Maggiorani, leburan masana'antar Breda da bai taɓa fim ba. Enzo Staiola da ya fito a Bruno a titi aka tsince shi, Lianella Carell da ta fito a Maria 'yar jarida ce. Amma kar wannan ya ruɗe ka ka ɗauka fim ne na a-ci-ba-daɗi da aka yi da canjin aljihu, wannan kuskure ne da nake yawan ji daga matasanmu masu son fakewa da shi. An kashe kuɗi, an tsara komai, ruwan saman da ya tsare su a kasuwar Porta Portese na 'yan kwana-kwana ne, muryar Antonio ma wani ɗan wasa ne ya ɗora daga baya. Wahalar da aka sha ita ce a sa ka manta akwai darakta. Af, a cikin ɗaliban cocin nan masu surutu da Jamusanci da suka fake ruwa kusa da su, akwai wani matashi Sergio Leone, wanda daga baya ya yi finafinan kaboyi da Clint Eastwood.

A gida Italiya fim ɗin bai sha da daɗi ba. Wasu 'yan gurguzu sun ce fim ɗin bai nuna mafita ba, ya bar ma'aikaci shi kaɗai kamar ba ƙungiya. Masu mulki kuma suka ce ana tona wa ƙasa asiri a idon duniya a daidai lokacin da ake karɓar tallafin Amurka. Giulio Andreotti, wanda a lokacin shi ke kula da harkar sinima a gwamnati, ya kawo doka a 1949 da ta ba gwamnati ƙarfi a kan wane fim za a tallafa da wanda za a bari ya fita waje, kuma a 1952 ya fito fili ya caccaki De Sica a kan fim ɗinsa Umberto D. A Amurka ma masu tace finafinai sun ƙi sa masa hatimi saboda sin biyu, inda Bruno ya tsaya zai yi fitsari a jikin bango da na gidan karuwai, De Sica ya ce ba zai yanke ko ɗaya ba.

Ni kaina ina da abin da nake ƙorafi a kai, kiɗan Alessandro Cicognini wani lokaci yana matsa maka sai ka yi kuka ko ba ka shirya ba, kuma Maria da ta fi kowa dabara a gidan an ajiye ta gefe tun kafin a yi nisa. Amma tasirinsa ba a musu. Satyajit Ray ya kalle shi a Landan a 1950 ya koma Indiya ya yi Pather Panchali, Bimal Roy ya yi Do Bigha Zamin a 1953, labarin manomi da ɗansa da suka tafi Kalkata uban na jan amalanken ɗaukar mutane don ya fanshi gonarsa, don haka mu da muka tashi da finafinan Indiya mun sha ruwan fim ɗin nan ba mu sani ba. A nan Afirka ma in ka kalli Borom Sarret na Ousmane Sembène na 1963, mai amalanken doki a Dakar da aka ƙwace masa abin sana'arsa, za ka ga dangantakar.

In kuma dai taron jama'a da hayaniya kake so ka gani ƙuru-ƙuru, nemi Roma ore 11 na Giuseppe De Santis, 1952. Shi a kan abin da ya faru da gaske aka gina shi, a watan Janairun 1951 wani ofis a Rum ya yi tallar neman mai buga tafireta guda ɗaya, mata wajen 200 suka yi layi a kan matakalar bene, matakalar ta rufta da su, da dama suka jikkata ɗaya ta rasu. Ko I compagni na Mario Monicelli, 1963, a kan yajin aikin masaƙa a Turin. Amma kafin nan ina ba ka shawara ka sake kallon na keken, wannan karon ka ƙyale Antonio, ka riƙa duba bayansa, layin shiga mota da ake ture-ture, kantocin gidan jingina, mutanen da ke jira a ɗakin mai duba.

Shi Maggiorani da aka gama ɗauka ya koma bakin injinsa a Breda kamar yadda suka yi alkawari da De Sica. Ba a jima ba kamfanin ya tashi rage ma'aikata, sunansa na ciki, ana ganin ai shi ya zama tauraro ya yi kuɗi. Ya koma neman aikin birkila da 'yan ƙananan fitowa a finafinai nan da can har ya rasu a 1983.